Ciyawar Gindin Randa

Jikata ta shimfiɗa ciyawar roba a falon ubanta. Koriya shar, an yanko mata ita a kasuwa da awo kamar yadin shadda, ba ta tsiro, ba ta bushewa. Ta kafa bishiyar roba a lungu, ta rataya ganyen roba a bango, sannan ta zo ta kama hannuna wai in zo in gani. Ta ce yanzu haka ake yayi, wai masana sun ce in ido yana ganin kore a cikin ɗaki hankali ya fi kwanciya, barci ya fi daɗi. Na tsaya na duba. Na cire takalmi na taka. Na durƙusa na shinshina, ban ji komai ba sai warin sabon bokiti.

"Tsoho, ya ka gani?" in ji ta.

Na ce, "Masanan sun yi gaskiya. Mai robar ne ya cuce ki."

Ta tura baki. "Kai dai ba a burge ka. Ka nemi wata amaryar, ni na fasa."

An taɓa burge ni, sau ɗaya. Ban gaya mata a lokacin ba, don ni ba mai yawan magana ba ne. Amma tun ranar abin yake dawo mini, har na ga gara in faɗe shi kafin in tafi da shi rami.

A zamanin da na tashi, ɗaki daga daji yake zuwa. Babu abin da ke cikin ɗakin kakata da ba zan iya kai ka inda ya tsiro ba. Zanan da ya kewaye mu gamba ce. Tabarma kabar goriba ce. Gado kara ne, asabarin bakin ƙofa tsaure ne, ƙwarya da ludayi daga duman da ya haye bayan ɗaki aka yanko su, igiyar ragaya kuwa rama ce. Randa ƙasa ce, an dasa ta kan rairayi, an jefa saiwar jema a ciki, ruwan ya yi sanyi ya yi ƙamshi. In ka kwanta da rana kana jin ƙadangare yana wucewa cikin jinka, kana jin maburgi yana wasa a ƙwaryar nono, kana jin iska tana tsefe zana. In ruwan sama ya sauka kan jinka ba ka jin duka, sai wani shuu kamar ana rarrashin jariri. Yau ɗaki daga shago yake zuwa. Ƙasa tayil, sama silin roba, bango fenti. In akwai wuta ka zauna, in an ɗauke kowa ya fito waje yana fifita da kwali. Ɗakin da sai ka ciyar da shi wuta kafin ya bar ka ka zauna, ban san wane ne mai gida tsakaninku ba. Amma kada in yi ƙarya don na tsufa. Ni ma na raina wancan ɗakin. Ni na fara gudu daga gare shi.

A ruga aka haife ni, arewa da Sule Tankarkar. Muna kiwo, muna ɗan noma, a gida Fulatanci, a kasuwa Hausa. Ban yi boko ba, allon ma ban daɗe da shi ba. Da na fara gemu na yar da sanda na bi wata motar katako, na yi karen mota har na zama direba. Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kakata ce ta goya ni. Inna, mahaifiyata, in tana so in ci abinci sai ta juya baya ta ce wa iska, "Ga tuwo nan yana hucewa." In tana maganata da mutane "wancan" take cewa, da na fara tuƙi ta koma cewa "mai mota". Ban taɓa jin zafin haka ba. Haka na ga ana yi, kuma na san wa ke ajiye mini man shanu a ƙasan ƙwarya.

Shekarar da aka mayar da mu tuƙi a hannun dama, damina ta yi rowa. Wadda ta biyo, shekarar da naira ta kori fam, hadari sai ya haɗu ya yi baƙi ya watse. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Da can ranar Alhamis shanu masu rai nake ɗauka daga kasuwar Maigatari, sai na koma ɗaukar ƙiraga, daga baya ƙasusuwa. Mutanen Damagaram suna tsallakowa da sanda ba garke. Na ga an yaye jinkar ɗaki an ba shanu. Na ga mata suna tona gidan tururuwa suna neman tsaba. Daga Gagarawa zuwa bakin iyaka ba ka ganin tsinken ciyawa ɗanye, ƙasa ta yi fari kamar an share ta da tsintsiya. Ban yi kuka ba. Direba in ya yi kuka mota rami take faɗawa.

Mahaifina ya riga ya rasu. Ƙannena suka kora abin da ya rage na garke suka yi kudu, Inna ta ƙi bin su saboda wata jar saniya da ba ta iya tafiya, jikar saniyar da aka ba ta ranar aurenta. Kullum sai ta ɗauki doguwar gora ta je ta kaɗo 'ya'yan gawo ta kawo mata, ta ba ta a hannu. Da saniyar ta mutu aka aiko mini a tasha. Na same ta zaune kusa da mushen tana korar ungulu da sanda. Na ɗauki ƙunshin ƙorenta, na buɗe mata gaban mota, muka taho Gumel.

A Gumel ina da gida da mata, sunanta Sa'a. Kuma na riga na yi abin da nake alfahari da shi. Na gina ɗaki na bulo da siminti, na rufa shi da kwano, na shafe shi da shuɗin fenti, na sa taga mai gilashi. Na shimfiɗa leda a ƙasa, na kafa gadon ƙarfe da katifar soso, na jera kwanonin sha masu zanen fure. A layinmu babu irinsa. Da kaina na yi niyyar shiga, amma da Inna ta zo na ce nata ne. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Dattawa a ƙofar masallaci suna cewa, "Ka ga ɗa na gari. Allah ya ba mu irinsa." Ina sunkuyar da kai, amma cikina fari ƙal.

Inna ba ta hau gadon ba. Ta sami wani tsukuku tsakanin gado da bango ta zauna a ƙasa, ta tura ƙunshin ƙoren ƙarƙashin gado ba ta kwance ba. Da hantsi kwano ya fara ƙas-ƙas, kafin azahar bangon ya yi zafin da ba ka jingina. Sa'a ta kai tuwo a dawo da shi. Ta kai fura a dawo da ita. Ta dama madarar gari, Inna ta shinshina ta ture. Ba ta barci, ba ta magana, idonta a kan fenti. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, ya ba da maganin ƙarin jini. Na karɓo rubutu wurin malam, ta sha don kada ta raina sunan Allah. Kullum kafin in fita sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Inna, ɗakin ya yi?" Sai ta ce wa bango, "Madalla." Ni kuwa in tafi da madallata a aljihu. Wata bai cika biyu ba ta zama kamar kara. Awarwaron da ke wuyan hannunta ya koma zamewa har gwiwar hannu.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Bamangiya, jinin Barebari, Iya Fanna. Ita ake kira in za a yi yaɓe ko daɓen ɗakin amarya. Haƙoranta ja da fure da goro, bakinta ya fi aska. Tsakanin mutanenta da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana ce wa kowa bawa, kuma abin da ɗan wasa ya gaya maka ba ka da ikon fushi. Wata rana da azahar ta shiga gaida Inna. Ba ta daɗe ba ta fito tana share gumi da gefen mayafi, ta same ni kwance ƙarƙashin mota ina ɗaure wani ƙarfe. Ta shure ni a ƙafa.

"Kai, ɗan baiwata, fito."

"Iya, aiki nake."

"Na ga aikinka. Na ga tanderun da ka gina, na ga gurasar da ka manna a ciki. Saura kaɗan ta nuna."

Na fito. Na ce, "Ɗakin da ya fi kowanne a unguwar nan ne."

"Akwatin ƙarfe ma ya fi lefe kyau, amma kaya ake sawa a ciki, ba mutum ba."

"Na tambaye ta. Ta ce madalla."

Ta tafa hannu. "Wayyo ni Fanna! Yaushe ka taɓa jin Bafillatana ta ce wa ɗan farinta ka yi kuskure? Ko wuta ka sa mata a zane madalla za ta ce. Ku Fulani kunya ce za ta ƙarar da ku, ku isa lahira kuna sunkuye. Matar da tun da aka haife ta ƙafarta ba ta rabu da ƙasa ba, hancinta bai rabu da garke ba, ka kwashe mata shanu..."

"Ba ni na kwashe ba."

"Allah ya kwashe shanu, kai ka kwashe sauran. Wancan soron na baya fa?"

Wani tsohon soro ne na ƙasa da na tarar a gidan, azararsa lafiya lau, amma bangon ya zaizaye. Tsofaffin tayoyi da gwangwanayen baƙin mai nake zubawa a ciki, ina jiran in samu sarari in rushe shi. Na ce, "Iya, so kike a ce na fitar da uwata daga ɗakin kwano na kai ta ɗakin taya?"

"Za a ce. Sai ka zaɓa. Ko a zage ka tana raye, ko a yabe ka a zaman makoki."

Na koma ƙarƙashin mota. Na daɗe ina riƙe da sifana ban juya komai ba. Da na fito tana nan tsaye. Na ce, "Me ake bukata?"

Ta lissafa. Ƙasar suri, don ƙasar Gumel rairayi ce, ba ta kama bango. Farar ƙasa da jar ƙasa. Tsakuwa. 'Ya'yan bagaruwa buhu guda. Ruwa, mai yawa. Sannan busasshen kashin shanu da rairayi, kuma ba na ko'ina ba, na makwancin garken Inna. Na ce kashin shanu ga shi nan a kasuwar Maigatari ana takawa. Ta ce, "Na ce na garkenta. In za ka koya mini yaɓe, ni ma gobe in zo in koya maka tuƙi."

Na tafi. Rugar babu kowa. Turakun maruƙa suna nan a jere, igiya ta ruɓe a jikinsu. Ƙasusuwan jar saniya sun yi fari, ƙahonnin suna kallon sama. Gawon da Inna ke kaɗowa yana tsaye shi kaɗai. Na sa shebur na kwashi rairayin makwanci da busasshen kashi na cika buhuna, na fasa wani suri a hanya na loda. Da na ratsa ta tasha direbobi suka leƙa bodin motar suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Jama'a, kowa na dakon hatsi, Bafillace na dakon kashi. Nawa ne mudu?" Ruwa kuwa a duro na riƙa jigilarsa daga rijiyoyi masu nisa, a shekarar da ake faɗa kan guga ɗaya. Wannan ma an yi magana. A ƙofar masallaci wani dattijo da ya fi kowa yabona ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mun ji tsohuwa ta yi laifi, an sauke ta daga bene." Na sa takalmina na wuce.

Aikin na mata ne, ni nawa kawo kaya. Suka fitar da tayoyi, suka kankare bango har inda baƙin mai ya taɓa. Suka kwaɓa ƙasar suri da kashin shanu, suka bar ta ta kwana uku tana tsima, suna takawa da ƙafa kowace safiya. Iya Fanna ta yi yaɓen da tafin hannunta, ba da cokalin magini ba, tana jan yatsu a bango kamar kunyar gona. Daga ƙasa zuwa ƙugu ta shafa jar ƙasa, daga nan zuwa azara farar ƙasa. Ranar daɓe mata bakwai suka durƙusa a jere da madaɓai, aka baza tsakuwa da ƙasa, aka yayyafa ruwa, suka fara. Wanda bai ji daɓe ba ba zan iya gaya masa ba. Duka ne, amma duka mai tafiya tare, tim-tim, tim-tim, ana waƙa ana amsawa, ana zagin mazan da ba su iya cefane ba, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirjinka. Yau in ana gini injin kawai kake ji yana kuka. Da suka gama suka riƙa shafa ruwan bagaruwa, ya bushe su ƙara, har daɓen ya yi duhu yana sheƙi kamar bayan doki. Sa'a ta gaya mini cewa tun da aka fara dukan Inna ta juyo da kanta daga bango, ta kasa kunne, yatsunta suna bugun ledar ƙasa.

Da komai ya bushe, Iya Fanna ta ce, "Shiga ka gani, mai tanderu." Rana tsaka ce, ƙasar tsakar gida tana ƙona tafin ƙafa. Na ɗaga asabari na shiga. Sanyi ya tare ni kamar na sauka rijiya. Daɓen ya kama ƙafata, santsi, sanyi, kamar yana da rai. Haske yana ratsowa ta tsakanin tsaure yana kwanciya a bango layi-layi. Ga gadon kara da tabarmar kaba. Ga ƙoren Inna an kwance su an jera, manya a ƙasa, ƙanana a ragaya, an rufe su da fayafai. Dab da ƙofa an zuba rairayin makwanci tudu guda an dasa sabuwar randa a kai, tana gumi. Sai ƙamshin ya iso. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, jema, bagaruwa, da wani abu can ƙasa da su, garke da sassafe kafin a kwance maruƙa. Ni da na yi tafiyar yini da gawar abokina a bodi ban ji komai ba, sai ga ni ina neman abin dafawa. Na dafa bango. Yatsuna suka faɗa cikin sawun yatsun Iya Fanna. Na ce a raina, ashe wannan abin muka yar.

Sa'a da Iya Fanna suka tallabo Inna, don ni ba zan taɓa ta ba. Suka kwantar da ita. Ta buɗe hanci ta ja numfashi, ta sake ja, ta sa tafin hannu a kan daɓe ta bar shi a nan. Sai barci. Tun azahar har rana ta yi ja, barcin da ba ta yi irinsa ba tun da ta zo. Na ce an gama. Ba a gama ba. Ta farka ta ƙi abinci. Washegari ma haka. Kwana uku, kwana huɗu, sai ruwa take kurɓa. Iya Fanna ta daina zagina. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Na zauna a gaban mota na ce shi ke nan, na zubar da mutuncina, kuma uwar ma za ta tafi, a ce a ɗakin taya ta mutu.

Safiya ta biyar ina ɗaure takalmi Sa'a ta shiga zuba ruwa a randa. Na ji ta ce, "Ikon Allah!" Na leƙa. Rana tana shigowa ta ƙofa tana sauka daidai gindin randa, inda gumin randar ke jiƙa rairayi. A wurin wasu 'yan tsinkaye sun huda ƙasa sun fito, sirara kamar allura, kore shar. Ciyawa. Damina biyu idona bai ga ɗanyen kore irin wannan ba. Sa'a mace ce mai tsafta, ciyawa a ɗaki a wurinta ƙazanta ce, ta kai hannu za ta tuge.

"Kul!"

Muka daskare. Muryar Inna ce, a shaƙe, amma da ƙarfinta. Ta sauko daga gado da rarrafe, gwiwa da hannu, ta iso gindin randa ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta daɗe. Sannan ta fara nuna su da ɗan yatsa tana kiran sunayensu da Fulatanci, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take kiran shanu. Ni duk iri ɗaya na gani. Ita ta ce wa Sa'a, "Wannan harkiya ce. Wannan komayya. Wannan ƙarangiya ce, 'yar banza, ita ma ta zo." Ta tsoma yatsu a moɗa ta ɗiga musu ruwa. Sai ta zauna ta jingina da bango tana haki, ta ce, "Yarinya, akwai kunu?"

Sa'a ta fita da sauri har tana tuntuɓe. Kafin kunu ya huce Iya Fanna ta iso, ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu. "To, ba na gaya muku ba? Bafillace da saniya uwarsu ɗaya. Ta ga ciyawa ta miƙe. Baiwata, in kawo miki igiya in ɗaure ki a nan?"

Inna ta kurɓi kunu, ta ɗaga ido ta dubi saman bango. "Bamangiya, wa ya yi miki yaɓen nan? Ga tsaga can kamar bakinki."

Iya Fanna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba. Da ta fito na tare ta a zaure. Na ce, "Iya, kin san za ta tsiro?" Ta goge ido. Ta ce, "Wallahi ban sani ba. Ni ƙamshi na nema mata. Sauran ba aikina ba ne." Tun daga ranar nake tunanin wannan. Ƙwayar da ido ba ya gani ta kwanta cikin rairayi, rana ta gasa ta damina biyu, shanu suka mutu a kanta, aka loda ta a buhu ana dariya, ita kuwa tana nan da ranta tana jiran gumin randa.

Labari ya bazu. Matan waɗanda suka zage ni suka fara zuwa gani. Akwai tsofaffin makiyaya da fari ya zubo cikin Gumel, suna zaune a inuwar katanga ba abin kiwo, su ma suka riƙa yin sallama. Sai su tsuguna a bakin ƙofa su zuba wa ciyawar ido, kamar an zo barkar haihuwa. Wani mai farin gemu ya roƙi a bar shi ya taɓa. Inna ta ce da yatsa ɗaya. Ya taɓa, ya kai yatsan hancinsa, ya tashi ya tafi yana share fuska. Dattijon ƙofar masallaci bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma ranar wata Juma'a ya matsa mini wuri a tabarmarsa.

Bayan kamar mako biyu wani tsiro dabam ya fito daga cikin wani ɓarin kashi, mai kauri, da 'yan ganye ƙanana a jere. Na dawo daga Maigatari da la'asar na tarar da Inna a tsakar gida, tsaye da ƙafarta, ta tallabo shi da ƙasarsa a cikin sakaina. Gawo ne. 'Ya'yan da ta riƙa kaɗowa tana ba jar saniya a hannu, ɗaya ya ratsa cikin saniyar ya fito da ransa. Ta ce wa Sa'a saiwarsa doguwa ce, ba ya zaman ɗaki, in aka bar shi zai mutu. Ta dubi ƙasar tsakar gida, ta taka ta, ta ji tauri. Sa'a tana da tsohon ciki. Babu wani namiji a gidan sai ni. Sai Inna ta juyo ta dube ni, cikin ido.

"Kai. Ɗauko dagi."

Shekarata talatin da wani abu, wannan ce maganar farko da ta yi mini ba ta hanyar iska ko bango ba. Na ɗauko. Na fara haƙa inda ta nuna.

"Ƙara zurfi," ta ce. "Kai komai naka sama-sama."

Na ƙara.

Ta yi damina goma sha ɗaya a ɗakin nan. Duk shekara ta sa a sabunta yaɓe, kuma duk shekara ta ce Iya Fanna ba ta iya ba. Ɗakin kwano kuwa tayoyi suka koma ciki, kuma ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba. Soron ya faɗi bayan rasuwarta, 'ya'yana suka yi falo a wurin. Gawon yana nan. Ya fi gidan tsawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke taƙama, shi a tuɓe yake. Sai rani ya yi tsanani, komai ya bushe, sannan ya fitar da ganye.

Jiya na kira jikata gindinsa. Na ba ta wani tsohon kasko na ce ta ɗebi ƙasar wurin, inda tumaki ke kwana, ta kai falo ta ajiye inda rana ke shigowa, ta riƙa yayyafa ruwa da safe.

Ta yamutsa fuska. "Tsoho, ƙasa a falo? To me zai fito?"

Na ce, "Ban sani ba. Shi ya sa ya fi roba."